Gidan gado a cikin gari ko fuloti a bayan gari: ina mai da wuta suka fi cin kuɗi?

Telan Wambai ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka ɗanɗana zaman wuraren biyu, ko waɗanda sana'arsu ta shafi gini da wutar lantarki.

Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mana gida a cikin badala, ta wajen Mandawari. Tsohon gida ne, sai ka wuce soro biyu kafin ka isa tsakar gida. Ɗakunan gabas har yau ginin ƙasa ne da rufin azara, na yamma kuwa tun muna yara aka rushe su aka mayar da su na bulo da kwano. Mu huɗu ne maza, mata uku, kowa da aurensa. Uku daga cikin mazan muna zaune a gidan da iyalanmu, ga kuma Hajiyarmu a ɗakinta. Ba sai na ce muku an matsu ba.

To yanzu kai ya rabu. Babban yayanmu yana ganin a sayar a raba, kowa ya je ya yanki fuloti ta wajen Janguza, ko hanyar Gezawa, ko bayan Panshekara inda fili yake da sauƙi, ya yi gininsa ya miƙe ƙafa. Ƙaninmu kuma cewa yake a fitar wa Hajiya da 'yan'uwanmu mata haƙƙinsu da kuɗi, mu mazan mu haɗa ƙarfi mu ɗora bene a sashen yamma, kowa ya samu sashensa da banɗakinsa.

Abin da ya dame ni, duk lissafin da ake yi a gida na kuɗin fili ne da siminti da rodi. Ban ji wanda ya taɓo abin da za a riƙa kashewa kullum bayan an tare ba. Ni ɗinki nake yi a Ƙofar Wambai, da ƙafa nake zuwa shago, in dawo gida in ci abincin rana in koma. Yarana da ƙafa suke zuwa boko da islamiyya. Babur ɗina sai ya yi kwanaki a soro ban tayar da shi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa, na ga teloli 'yan'uwana da ke zuwa daga nesa sun koma kwana a shago, sai ranar Juma'a su je su ga iyali.

Amma shi ma yayanmu yana da hujja. Idan watan Afrilu ya kama, ɗakina na kwano ba ya kwanuwa sai dare ya raba. Iska ba ta shigowa ta ko'ina, maƙwabta sun rufe mu gabas da yamma, kowa ya tayar da janareto ƙara da hayaƙi su cika lungu. Ya ce a can iska kyauta ce, ga filin da za ka shimfiɗa sola yadda kake so.

Tambayata ke nan. Idan aka haɗa mai, da wuta, da ruwa, da girki, a ina ne magidanci irina zai fi kashe kuɗi, a cunkoson cikin gari ko a yalwar bayan gari?

Mazaunin Masaka ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam tela. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ni ba Bakano ba ne, amma abin da kake tsoro shi nake ciki shekara da shekaru. Ofishinmu yana tsakiyar Abuja, gidana yana Masaka a jihar Nasarawa. Na sayi filin ne saboda a lokacin kuɗin hayar shekara biyu a Garki ya ishe ni fuloti da harsashin gini a nan. Na yi murna sosai, kuma har yau ina gode wa Allah da rufin asirin gidan kai. Sai dai nisan da na saya tare da filin, shi kullum ake biyansa.

Da an sallame sallar asuba nake fita. Daga Masaka zuwa Ado, zuwa Mararaba, zuwa Nyanya, zuwa gangaren Kugbo, motoci ne jere inji yana aiki taya ba ta juyawa. Dubban mutane, kowa yana ƙona mai a tsaye. Da yamma a sake maimaitawa ta ɗaya hannun. Mafarin abin kuwa yadda aka yanka ƙasar garin ne. An kafa Abuja da doka a 1976 zamanin Janar Murtala, gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. Aka yanka manyan filaye a Maitama da Asokoro, gida ɗaya a filin da zai ɗauki iyali goma, wasu ma a kulle suke ba kowa sai maigadi. Masinja da direba da malamin makaranta da nas, waɗanda garin ba ya motsi sai da su, aka bar su suka nemi wuri a Nyanya da Karu da Kubwa da Suleja da nan wajenmu. Duk litar da muke ƙonawa a hanyar Keffi da safe, farashin wancan filin ne da ba kowa a cikinsa.

Da can tallafi yana ɓoye mana wannan, gwamnati ce take biya mana rabin nisan ba mu sani ba. Ana cire shi gaskiya ta fito. Ka tuna a watan Yunin 2023 jihohin Kwara da Edo sai da suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, don albashi ba zai ɗauki kuɗin mota ba.

Ka ɗauki biro ka yi wannan lissafin a gaban yayanka. A ce daga sabon gidan zuwa shagonka kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40. A kwanakin aiki 26 na wata ka yi kilomita 1,040. Ƙaramar mota tsohuwa irin tamu takan sha kamar lita 10 a kilomita 100 cikin gari, ka ga lita ɗari ke nan da ɗoriya. Babur zai tsaya wajen lita talatin. Ka ninka da farashin lita na ranar. Wannan kai kaɗai ne fa, ba a sa kai yara makaranta ba, ba a sa uwargida za ta je awo asibiti ba, ba a sa zuwa gaida Hajiya ko jana'iza ko suna a cikin gari ba. Abincin ranar da kake ci a gida kuma zai koma na saye. Araha ba ta ado, Malam. Mutumin da yake zuwa wajen neman abincinsa da ƙafa yana da wata dukiya da ba a rubuta ta a takardar gida, kada ka sayar da ita ba ka san kuɗinta ba.

Maman Yara ta rubuta:

Malam na Masaka ya yi magana ta maza masu fita. Ku bari mu da muke wuni a cikin gidan mu ce wani abu.

A gidan yawa na yi zaman farko na aurena, a Gwale, kafin mu koma namu a bayan Rijiyar Zaki. Malam tela, ka tambayi matarka a keɓe, ba a gaban 'yan'uwanka ba. Banɗaki ɗaya mutum ashirin, layin wanka da safe, kwata ta toshe ruwan wanke-wanke ya kwanta a tsakar gida, sauro ya samu wurin zama. Ɗana na biyu yana da ciwon asma, kuma janareton maƙwabcinmu a jikin tagar ɗakinmu yake kwana yana aiki, don ba shi da wani wurin ajiye shi. Ba laifinsa ba ne, fili ne babu. Kusan kowace shekara ana jin labarin iyalin da hayaƙin janareto ya kashe suna barci a ƙasar nan, kuma matsi ne yake sa a shigar da injin soro ko baranda. Tun da muka dawo nan, tarin yaron ya yi sauƙi ƙwarai. Kuɗin asibiti ma kuɗi ne, a sa shi a lissafin.

Da zafi muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu kwana, ko fanka ba ma nema. Na shuka darbejiya biyu da zogale da lemon tsami, ina kiwon kaji da awaki. Wannan ba zai yiwu a lungu ba.

Amma tunda gaskiya ka nema, ga ɗaya gefen. Ruwan famfo bai zo unguwarmu ba, kusan kowane gida sai ya haƙa burtsatse, kuma sumo, injin da yake turo ruwan daga ƙasa, ba ya tashi sai da wuta mai ƙarfi ko babban janareto. Layinmu gida bakwai ne, rijiyar burtsatse biyar, kowa yana ƙona mansa daban don ya cika tankinsa. A Gwale rijiya ɗaya ce take shayar da gida guda, in ta ja baya 'yan garuwa suna bakin ƙofa. Wutar ma da kuɗinmu muka jawo ta. Karo-karo aka yi aka sayi falwaya da waya, aka sake yin wani na taransfoma, kuma mu da muke ƙarshen layi in an kawo ta ba ta iya tayar da firiza, ƙwan fitila ja yake yi. Sana'ar ƙanƙara da nake yi a cikin gari dole na bar ta.

Girki ma ya canja. A gidan yawa tukunya ɗaya ake ɗorawa da dare, kwana-kwana ake yi, itace ɗaya ya dafa wa kowa. Yanzu mu da facalolina kowa tana hura wutarta a unguwa daban. Mai sayar da gas yana bakin titi, sai an hau adaidaita da tukunyar, injin markaɗe ma tafiya ce. Da maigida ya fita da babur, in wani abu ya taso sai dai shatar adaidaita, don ba ya shigowa layinmu haka kawai.

Duk da haka ni dai ba zan koma ba. Na fi kashe kuɗi a nan, na yarda, amma ina numfashi.

Tsohon Magini ya rubuta:

Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗana tela, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Akwai abin da ka faɗa da bakinka ka wuce shi da sauri. Ka ce ɗakinka na kwano ba ya kwanuwa. To ɗakin Hajiyarku na ƙasa fa? Ka shiga da azahar a watan bazara ka zauna, sannan ka shiga naka. Gida ɗaya ne, lungu ɗaya ne, maƙwabta ɗaya ne. In ka ji bambanci, to ba yawan jama'a ne ya dafa ka ba, kayan ginin ne.

Na fara da cuɗa ƙasa da ƙafa da dunƙula tubali kafin in koma bulo. Bangon ƙasa na da, kaurinsa daga tushe yakan kai kamu ɗaya ko fiye, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rana ta wuni tana dukansa, zafin bai gama ratsawa ciki ba sai dare, lokacin an fito tsakar gida shan iska. Kafin asuba ya huce, da rana kuma ya riƙe sanyin dare. Da hunturu ya juya, ya riƙe ɗumi. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, a jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa mai kauri, a sa indararo. Inda ake son ɗaki mai faɗi a ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin azara da ƙasa da yake riƙe rufin. Wanda yake son ganin iyakar wannan aiki ya je tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun ƙarni na 19. Waje kuma a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsi na marina, ruwa ya zame.

Bulo inci shida rami ne a cikinsa, ba shi da nauyin da zai tare zafi. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauka, in babu sili mai kyau ya zubo maka a ka. Sai ka sayi fanka, fanka ta juya iska mai zafi, sai ka fara mafarkin esi. Mun bar abin da yake sanyaya kansa mun koma wanda sai da mita.

Shi kansa matsin lungu da ake zagi, na da sun san abin da suke yi. Lungu siriri yawancin wuni a inuwa yake, katangar wannan tana kare ta wancan. Gidan da ya haɗa bango da maƙwabta ta gefe biyu ko uku, rana ba ta samunsa sai ta sama. Gidan da yake tsaye shi kaɗai a fili, gabas ta doke shi da safe, yamma ta doke shi da la'asar, kuma na yamma ya fi mugunta. Abin da ya lalata cikin gari shi ne an cinye wuraren da yake shaƙar iska. Tsakar gida an yi ɗaki a ciki. Durumi da ceɗiya na ƙofar gida an sare an yi shago. Kududdufan da muka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda suke karɓar ruwan damina, an cike su da shara an yi gini a kai. Ƙasa an malale ta da siminti, ta wuni tana shan rana da dare ta amayar. Ina ƙarami jakuna ne suke fitar da takin gari zuwa gonakin da ke kewaye da Kano, su dawo da itace da hatsi da kara. Gonakin nan su ne yau ake yanka muku fuloti.

Ba na ce ka koma ginin ƙasa ido rufe ba, yana son yaɓe kusan duk shekara, masu iya shi sun yi ƙaranci, azara ma ta yi tsada. Amma ɗakunan gabas ɗin nan kada ku taɓa su. Kuma in za ku ɗora bene, ina roƙonku da Allah kada a ɗora rufin kankare a kan tsohon bulon da aka yi don ɗaukar kwano. A tone a duba harsashi, a kafa ginshiƙai sababbi daga ƙasa, injiniya ya gani ya sa hannu. Na ga gini ya zauna a kan mutane, ba na son in sake gani.

Telan Wambai ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Baba magini, gaskiya ne, da zafi yaran gidan duk a ɗakin Hajiya suke barcin rana, kuma randarta ta fi ta kowa sanyi. Maman Yara, na ji, zan tambaye ta. Malam na Masaka, lissafin nan zan kai shi zaman da za mu yi. Abin da ya rage mini shi ne maganar wuta da sola. Shin da gaske ne bayan gari ya fi dacewa da sola, kuma me ya sa wutar can ba ta da ƙarfi?

Mai Tsara Birane ya rubuta:

Malam tela, wannan fannin na karanta, kuma tambayarka an daɗe ana yin ta a duniya. A 1989 wasu masana biyu 'yan Ostireliya, Peter Newman da Jeffrey Kenworthy, sun kwatanta manyan birane 32, suka duba yawan mutane a kowace kadada da man fetur ɗin da mutum ɗaya yake ƙonawa a shekara. Biranen Amurka masu faɗi irin Houston su ne a sama, na Turai a tsakiya, Hong Kong a can ƙasa, kuma tazarar ninki ce mai yawa. Wani masanin, Alain Bertaud, ya ɗora taswirar Atlanta kusa da ta Barcelona kamar yadda suke a 1990. Mutanensu kusan ɗaya, miliyan 2.5 da miliyan 2.8, amma Atlanta ta mamaye murabba'in kilomita 4,280, Barcelona kuwa 162 kacal. A Barcelona jirgin ƙasa da bas suna samun fasinja a kowace tasha, a Atlanta kusan komai sai da motar kai.

Ba sai mun je can ba. Ɗan adaidaita da ke jigila daga Kabuga zuwa cikin gari yana cika nan da nan, wani ya sauka wani ya hau, man tafiya ɗaya ya rabu a kan mutane da yawa. Wanda ya kai ka ƙarshen sabuwar unguwa wayam zai dawo, shi ya sa yake cajin ka kuɗin zuwa da na dawowa. Tsohon birnin Kano a kan tafiyar ƙafa aka gina shi, kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 tana tsakiya, masallaci da marina da maƙera da makaranta duk a kusa. Kai har yau kana cin wannan gajiyar.

Wuta kuma ga yadda take. Daga taransfoma zuwa gidaje ƙaramin layi ne, kuma duk tsawon da waya ta ƙara, ƙarfin wutar yana raguwa, wani kaso yana ɓacewa a matsayin zafi a jikin wayar. In aka haɗa da siririyar waya mai araha irin wadda karo-karon unguwa yake iya saya, na ƙarshen layi sai ya samu abin da Maman Yara ta faɗa. A unguwa mai jama'a taransfoma ɗaya tana ciyar da gidaje masu yawa a ɗan taƙi. Matsalar can ita ce lodi, an ƙara ɗakuna da shaguna da injuna ba a ƙara taransfoma ba, sai ta riƙa ƙonewa. Sannan tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wuta na rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, bisa alƙawarin awa 20 a rana, hankalin kamfanonin raba wuta ya fi karkata ga layukan da masu biya suka taru. Unguwar da gidajenta suke warwatse, rabinsu kango, ita ce ta ƙarshe a layi.

A maganar sola yayanka yana da gaskiya, ba zan rage masa ba. Kano tana samun kamar awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi a kullum, faranti mai wat 400 zai ba ka kusan yunit biyu a wuni. Mai gidan da ba bene ba shi kaɗai yake da rufinsa, ku kuwa in kun yi bene iyali uku ko huɗu za su raba rufi ɗaya. Sai dai ka duba me za a kunna. Fankar sama tana cin kamar wat 70, awa goma ba ta kai yunit ɗaya ba. Esi mai doki ɗaya da rabi tana shan fiye da yunit ɗaya a awa guda. Gidan da fanka ta ishe shi, ƙaramar sola ta wadatar da shi. Gidan da rana take duka ta kowace kusurwa, sai ka cika rufin da faranti ka tara batura, ga sumo yana jira. Kuma ku huɗu za ku iya haɗa inbata ɗaya babba da rijiya ɗaya da tanki ɗaya, maimakon kowa ya sayi nasa.

Abin da ya fi damuna a Kano shi ne awon igiya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, amma a aikace gona ake saya a Ungogo ko Kumbotso ko Gezawa, dillali ya ja igiya ya yanka ta ƙanana, ba a bar hanyar kirki ba, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba magudanar ruwa. Shekara goma wurin ya cika, sai ka ga matsin da aka gudo daga gare shi ya biyo mutane, ga kuma nisa. An yi asarar gonar, an yi asarar iskar. Yawan gidaje a wuri ɗaya daban, cunkoso daban. Iyali huɗu a bene mai hawa biyu da tsakar gida a buɗe da tagogi masu fuskantar juna sun fi iyali biyu da suka cike filinsu da ɗakuna shan iska. In har za ku fita, ku nemi wurin da yake da tsarin hukuma, kusa da babban titi, kuma ku tambayi waɗanne filaye aka ware, kada ku yarda da yalwar da kuka gani yau, ta gonar wani ce da ba a sayar ba tukuna.

Ɗan Damagaram a Yamai ya rubuta:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Kano. Abin da Baba magini ya faɗa mun gan shi da idonmu. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris 2024. A watannin nan masu manyan gidajen siminti a sababbin unguwannin Yamai sun sha wuya fiye da dangina da ke Birni a Damagaram cikin gidajen ƙasa.

Akwai wani aiki a nan da ya dace da maganarku, ana kiransa Niamey 2000, an gama shi a 2016. Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, ita da abokan aikinta suka yi shi. Gidaje shida ne masu hawa biyu a filin da aka saba gina gida ɗaya, an yi su da tubalin ƙasa da inji ya matse, kowane gida da 'yar tsakar gidansa da wurin shan iska a sama, kuma an tsara su yadda wani ba ya leƙa wani. Har ya shiga jerin ayyukan da aka zaɓo don kyautar zanen gine-gine ta Aga Khan ta 2022. Malam tela, ka nemi hotunansa ka nuna wa wanda zai zana muku, musamman yadda aka yi da tagogi da matakala.

Maman Yara ta rubuta:

Maganar leƙe da ɗan'uwanmu na Yamai ya taɓo, kada ku raina ta. Na san gidan da aka ɗora bene a cikin gari, tagar sama ta buɗe kai tsaye a kan tsakar gidan maƙwabta inda mata suke wanka da girki. Rigima ta kai gaban mai unguwa, ƙarshe aka toshe tagogin da bulo, ɗakunan sama suka zama ba iska ko kaɗan, ga kwano a kansu. Masu gidan yanzu janareto suke kwana da shi.

In kun tsaya a kan benen, tagogi manya su kalli tsakar gidanku, na wajen maƙwabta a yi su sama da tsayin mutum don zafi ya samu mafita. A sa sili mai kauri, a bar rata tsakaninsa da kwano, a yi fentin rufin da fari. A ware wa janareto wuri a buɗe nesa da ɗakin kwana tun a zane. Madafa kuma ku zauna da matan gidan su faɗi ko ɗaya suke so ko kowa tata, kada maza su yanke musu. Kafin a sauke bulo ko ɗaya, ku shiga gidajen da kuka haɗa katanga da su ku nuna musu zanen, sannan ku kai shi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a ba ku izinin gini.